Garken Attaher

Ni Sabo kafinta ne, kuma duk wanda ya san ni a Tawa ya san ba na son mutum ya zo rumfata ya koya mini aikina. Shi ya sa ban so Attaher ba, Allah ya jiƙansa, ranar da na fara ganinsa. Cikin 1992 ne, gab da damina. Aiki ya yi ƙasa, mutane sun bar yin ƙofa da kujera sun koma gardamar jam'iyyu a gindin rediyo. Ina zaune ina wasa zarto don kada a ce ba na komai, sai ga wani dogon Buzu siriri ya yi sallama. Bayan doguwar gaisuwa irin tasu, ya kwance gefen rawaninsa ya fito da wani ɗan sandan katako da gara ta ci rabinsa, ya aza mini a kan tebur a hankali kamar ƙwai.

"Irin wanga nika so, da yawa," in ji shi. "Kak ka ƙara mishi hwaɗi, kak ka rage."

Na ce, "To Buzu, tunda ka san gwaji haka, ga zarto nan, zamna ka yi."

Bai ji haushi ba. Ya zauna ɗin, amma bai taɓa zarto ba. Ɗan murhunsa na waya ya fitar daga jaka ya aza shayi. Kafin mu shanye na ƙarshe na san abin da yake so, kuma har yau ban san lokacin da na ce to ba.

Attaher mutumin arewa ne, can gaba da Barmu, inda gonaki suke ƙarewa makiyaya ta fara. Cikin raƙuma da shanu da awaki ya tashi, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun ce ba ƙaramin garke gare shi ba. Farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu ya share su. Ya gangaro Tawa da matarsa da ƴarsa Kadidiya, da jaki ɗaya ɗauke da sandunan tantinsu. Matar ba ta ga damina ta gaba ba. A shekarun nan ƴan kasuwar gari sun sayi dabbobi a banza daga hannun masu yunwa, da ciyawa ta dawo kuma suka shiga neman makiyaya. Aka kai Attaher wurin ɗaya daga cikinsu. Ya shiga garken yana dubawa, sai wata jar saniya ta ɗago kai ta nufo shi. Tasa ce. Da hannunsa ya sayar da ita a kan ɗan hatsin da bai kai su ko'ina ba, ga shaidar gidansu nan a cinyarta. Ya tsaya ta gama lasar hannunsa, sannan ya juya ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa shi da bin bayan dabbar da ba tasa ba har abada. Kowa ya san da wannan rantsuwa, don ta kwanar da shi da yunwa ba sau ɗaya ba.

Daga baya ya samu gadi a wani lambu da wani proje, wato shirin taimako na Nasara, ya buɗe a bayan gari, inda ake renon itatuwa. Akwai rijiya a wurin, da tsofaffin gawo da magarya. Nan masu projen suka kawo wani akwatin zuma, ba irin amyar ciyawa da muka saba gani a bisa itace ba. Zuma ba ta cikin aikinsa, amma kullum yana gindin akwatin. Ya gaya mini cewa tun da garkensa ya ƙare, lokacin ne ya sake ganin abu ya fita kiwo da safe ya dawo da yamma cikinsa cike. Da hanyar arewa ta lalace saboda tawaye, masu projen suka kwashe motocinsu suka tafi. Zumar ta tashi, gara ta cinye akwatin, aka bar Attaher da bukkarsa da rijiya da wannan sanda ɗaya da ya kawo mini.

Akwatin da muka yi, in ka gan shi sai ka ce kwamin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya: dogo, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Attaher ya ce gangaren nan shi ke hana zuma manna saƙarta a jikin bango. A bisa bakinsa ake jera sandunan, ɗaya manne da ɗaya ba tsaga, su ne rufin. Ƙarƙashin kowane sanda na tsaga ɗan layi, shi kuma ya narka kaki ya zuba a ciki, don zuma ta bi layin ta rataya saƙa ɗaya a sanda ɗaya. In ka ɗaga sanda saƙar ta biyo shi, ka duba ka mayar, ba ka rushe wa kowa gida ba. Dalilin rigimar faɗin ke nan. In sanda ya yi faɗi sai su gicciya saƙa su haɗe komai, in ya yi siriri kuma su rasa hanyar wucewa. Kowanne na fere sai ya ɗauka ya haɗa da tsohon nasa, ya rufe ido ya shafa da yatsa. Wanda bai yi masa ba ya ajiye gefe bai ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi zagi ƙona mini rai.

Katakon kuwa na tsofaffin akwatunan shayi ne, da wata ƙofa da mai ita bai dawo ɗauka ba. Masu wucewa suka samu abin yi. Wani ya ce Sabo ya fara yi wa Nasara akwatin gawa, wani ya ce a'a, kwale-kwale ne za a kai tabkin Tabalak. Matata Balki ta ce kada in kuskura in shigo mata da shi gida. Muka huda ƴan ƙofofi a gefe ɗaya, muka yi murfi da tsohon kwano muka ɗaura masa zana saboda rana. Muka kai shi lambu a bayan jaki, muka rataye shi da waya tsakanin itace biyu, muka shafa wa wayar baƙin mai don tururuwa. Da muka gama, Attaher ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ƙona shaidar gidansu a goshin akwatin, irin wadda suke yi wa raƙumi, su ce mata ejwal. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce akwati ne fa, ba ya ɓata. Ya ce abin da ba shi da shaida ba na kowa ba ne.

Damina ta zo ta wuce, ba wanda ya shiga akwatin sai gizo-gizo. Ni har na fara tanadin tsiyar da zan yi masa. Ana cikin yankan gero, wata safiya na hango shi tafe, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata na ga Attaher yana sauri.

"Sun sabka," ya ce. Bai ma gaishe ni ba.

Daga ranar nan ya koma makiyayi. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, don bai taɓa sayar da ko cokali ɗaya ba. Igiya yake tuƙawa ya ci abinci. Zumar kuwa ta mai tari ce da mai jego da wanda wuta ta ƙona. Abin da yake so shi ne kiwon. Da sassafe yana tsugune gefen akwatin yana kallon fitarsu. Da ganin garin furen da ke ƙafafunsu zai gaya maka yau gawo suka je, ko magarya, ko albasar iri ta masu fadama. Da farko ya cika musu kasko da ruwa yadda ake cika wa awaki, da yawa suka nutse, ya yini bai yi magana da kowa ba. Washegari ya zuba tsakuwa a kaskon don su samu wurin tsayawa. In bazara ta yi, furanni suka ƙare, zumar wasu duk ta yi ƙaura, tasa tana nan, don bai taɓa barin kaskon nan ya bushe ba.

Na sha raka shi ɗiba, da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi. Gwangwani ne da busasshen kashin shanu yana hayaƙi, ya hura musu kaɗan, ya ja rawaninsa ya bar ido kawai. Na ce masa ashe tun asali don zuma aka halicci Buzu. Ni da ba ni da rawani, ɗaya ta same ni a leɓe, na koma gida Balki ta dube ni ta tambaya wane baƙo ne. Daga bayan akwatin kawai yake ɗaukar sanda, inda zuma zalla take. Gaba, inda ƴaƴa suke, ba ya taɓawa sai dai ya duba. Masu amya wuta suke sa wa zuma su kwashe komai, shi kuwa wannan ba ya ko son jin labarinsa.

"Wa ka tatse saniya tas ya bar maraƙi da yunwa?" in ji shi.

Ban san lokacin da mutumin nan ya zama abokina ba. Na dai lura in kwana biyu suka wuce murhunsa bai yi hayaƙi a rumfata ba, sai in samu kaina ina yi wa masu ciniki faɗa ba dalili.

Kadidiya kuwa ta auri Abdulrahim, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ɗan Kalfu, mutum mai kunya wanda shekarun nan suka wahalar. Yau yajin aiki, gobe an rufe lakwal, albashi sai an manta da shi yake zuwa. Sun daɗe ba haihuwa. Da Allah ya kawo cikin, kunyar ɗan fari ta sa ta ɓoye, kuma ba wanda zai tari uba da irin wannan magana. Sai da lokacin goyon ciki ya yi aka rasa inda za a kai ta, tunda ba uwa, uban kuma bukka gare shi a lambu. Balki ta ce ɗakinta yana nan, a kawo mata ƴarta. Ranar da aka kawo ta gidana, ranar Attaher ya sani. Farkon 1995 ne, sanyi yana ƙarewa, furen gawo ya daɗe da zubewa.

Washegari ya zo rumfa da wani dogon ƙunshi a cikin tsohuwar fata. Ya ajiye, ya aza shayi, sannan ya fara magana.

"Wurinmu, Sabo, ɗa ba ya zakkuwa duniya hannu wohi. Ran suna kakanai na kama mishi dabba gaban mutane, tunkiya ko maraƙa ko taguwa, wato raƙuma, a ce wagga taka ta. Daga gare ta garkenai ka tashi. Ni taguwa kakana yab ba ni. Kadidiya ma an kama mata. Dut sun mutu, amma an kama mata."

Na ce, "In don wanga na, Balki na da awaki. Zaɓi wadda kaka so, ba mai ji."

"Akuyar Balki, Balki ta ba shi. Ni abin da hannuna yar rena za ni ba shi."

Sai ya gaya mini shirinsa. Ya taɓa ganin mutumin proje sau ɗaya ya raba zuma biyu. An ɗauki sanduna masu ƴaƴa da masu zuma an mayar wani akwati, su kuma da kansu suka yi wa kansu sabuwar uwa. Abin da amya ba ta iya yi ke nan. Yana son akwati na biyu, ya raba garkensa, ya kama wa jikansa rabi.

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa katako ya zama abin kallo a Tawa, na gaya masa haka. Jikin akwatin dai na ce zan ɓalle tsohon bencina, amma sanduna suna son itace mai kyau wanda ba ya lanƙwasa. Sai ya kwance fatar. Sandunan tantin uwar Kadidiya ne. A wurinsu tanti na mace ne, da shi ake kai ta gidan miji. Shekara da shekaru yana ajiye da su a rufin bukkarsa yana shafa musu mai, sun yi baƙi suna sheƙi, kawunansu da zanen sassaƙa.

"Ba ni sa ma waɗanga zarto," na ce. "Kai su gaba."

"Kadidiya ta shiga soro, ba ta bukatar tanti. Sun daɗe ba su yi ma kowa inuwa ba. Bari su koma aiki."

Na yanka su. Itacen ya yi tauri har zarto yana kuka, yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Ranar ban yi masa tsiya ba ko sau ɗaya, shi ma bai ajiye ko sanda ɗaya gefe ba. Ya tattara kawunan masu zane da suka rage ya ƙulle a gefen rawaninsa.

Muka yi rabon wata la'asar, zafi ya fara. Ya ɗaga sanduna masu ƴaƴa ya nuna mini ƙwai farare ƙanana a gindin ramuka, ya mayar da su sabon akwatin da zumar da ke jikinsu, ya jera sandunan tanti a bayansu. Sannan ya rataye sabon akwatin kusa da tsohon, har suna kusan taɓa juna. Na tambaye shi ko ba su yi kusa ba.

"Maraƙi in an raba shi da uwa, ba a kai shi nesa. Inda yaka ganinta aka ɗaure shi, in ba haka ba ya ƙi ci."

Maganar ta zauna mini daidai, na ce haka ne. Sai daga baya wani tsoho mai amya daga Kalfu ya gaya mana cewa zuma wuri ta sani. Duk wadda ta fita kiwo, inda ta saba komawa nan za ta koma, don haka in za a raba sai a kai sabon can nesa, kuma a yi lokacin fure. Mu ba mu sani ba. Kowace safiya zuma ta fita daga sabon akwati, kowace yamma ta shige tsohon. Attaher ya ga suna raguwa, ya ƙara musu sanda daga uwar, ya jiƙa sukarin shayinsa ya ajiye musu, ya koma shan shayi da ɗaci. Bai hana ba. Ya daina ƙarawa ne don uwar ma ta fara rauni.

Cikin haka Kadidiya ta sauka, ta samu ƴa mace. Ana gobe suna na je lambu da hantsi, na iske ya riga ya sauke sabon akwatin ya buɗe. Ba ko zuma ɗaya. Saƙar ta yi baƙi, tsutsa ta yi mata yana. Yana zaune a ƙasa yana kankare sandunan tantin ɗaya bayan ɗaya, yana goge su da gefen rawaninsa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na fara surutu.

"Ka ba ta akwatin hakanan. In kaka ta yi wasu na sabka."

"Ba a kama ma ɗa igiya a ce dabba na tahe."

"To akuyar Balki na nan."

Ya girgiza kai. Ya dubi tsohon akwatin da ke rataye, zuma na shiga na fita a ƙarƙashin shaidar gidansu.

"Uwar za ni ba ta," ya ce.

Na ji sanyi a raina, na ce ai shi ke nan, magana ta ƙare. Jinjira ce, ya faɗa a gaban mutane ya dawo ya ci gaba da abinsa.

"In na ba ta, nata na, Sabo. Ka san rantsuwata. Mutanen Kalhu sun zaka da amalanke, in za su koma su tahi da shi. Can akwai masu amya."

Nan fa na tashi. Na ce rantsuwar shanu ya yi, ba ta ƙuda ba. Ya ce abin da ke fita kiwo ya dawo dabba ne, kuma shi ya san abin da ke zuciyarsa ranar da ya rantse. Na kira shi mai taurin kai, na ce jakin da ya kawo shi Tawa ya fi shi jin magana. Na faɗi abubuwa da yawa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na ga idon mutumin nan kafin zuma ta sauka, na gan shi bayan ta sauka, kuma ba na son in sake ganin na farkon. Ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya miƙo mini shayi marar sukari.

Da safe aka taru a ƙofar gidana. Dangin Abdulrahim sun kawo rago daga Kalfu, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna Ramla. Ana rabon goro sai Attaher ya miƙe, da wata tasa a hannunsa rufe da ƙyalle. Ya buɗe. Sanda ɗaya ne da farar saƙa cike da zuma.

"Jama'a ku shaida," ya ce. "Na kama ma Ramla garken da ad da ni, da akwatinai da shaidatai. Wanga nononsu na, a sa ma uwatta cikin kunu."

Wasu samari suka yi dariya. Ƴan'uwansa Buzaye da ke zaune gefe ba su yi ba, suka ce sun shaida, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya wurin mutanen Kalfu ya roƙe su su biya lambu da amalankensu in za su tafi. Abdulrahim ya sunkuyar da kai, don ba ya iya musu da surukinsa. Ni kuwa na shige gida na gaya wa Balki da ƙarfi, yadda na san har ɗakin mai jego za a ji.

Ba a jima ba Balki ta fito ta ce Kadidiya na kiran babanta. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ina bayansa, tunda gidana ne ba mai korata. Tana zaune a bakin gado ta ja mayafi har goshi, jinjirar a cinyarta.

"Abba, an ce ka ba ta garke, ka kore shi Kalhu."

"Can akwai waɗanda sunka san zuma."

"Masu sa mata wuta? Kai kag gaya min."

Ta gyara wa jinjirar kwanciya a cinyarta.

"Ni ba ni da bakin da zan ce ka taɓa rantsuwarka," ta ce. "Amma dukiyar ba tawa ba ta. Ga mai ita nan. Gaya mata da kanka ba ka yi mata kiwo."

Ta miƙa wa Balki yarinyar, Balki ta aza masa ita a hannu kafin ya samu damar ja da baya. Ya riƙe ta yadda ake riƙe ɗan tunkiyar da aka haifa yanzu, ya sunkuya yana kallonta. Hannunta yana ta lalube a iska, ya kama gefen rawanin da ya rufe masa baki, ya ja shi ƙasa. Duk zaman da muka yi da shi ban taɓa ganin bakin Attaher ba, ko shayi ta ƙarƙashin rawani yake sha. Ranar na gan shi. Bai gaya mata komai ba. Ya mayar da ita hannun Balki, ya gyara rawaninsa, ya fita bai dubi kowa ba.

Da yamma amalanken Kalfu ya kama hanya bai biya lambu ba. Na tambaya, aka ce Attaher ya aiko cewa su wuce. Ban san ko fasawa ya yi ko ɗagawa ba, kuma washegari bai zo rumfa ba. Kashegarinta na kasa haƙuri. Na ƙulla sukari da ganyen shayi na nufi lambu da tsakar rana, cikin zafin nan na bazara da ke sa jakuna neman gindin bango.

Na iske shi a bakin rijiya yana jan guga. Murhunsa yana rataye a jikin bukka, ba alamar an hura shi. Na ajiye ƙullina na ce ya aza mana, yau da sukari.

"Sai rana ta hwaɗi," ya ce. Muryarsa a bushe take.

"Azumi kaka yi? Cikin wanga zahi? Azumin mi?"

"Na kahwara. Na tambayi liman abin da ka bisa wanda yak karya rantsuwa. Ya ce in ciyar da mabukata goma, in ban da hali in yi azumi ukku." Ya juye gugan a tulu. "Mi gare ni da za ni ciyarwa? Zumar ma ba tawa ba ta."

Ya ɗauki tulun ya nufi gindin gawo, na bi shi. Akwatin yana nan inda yake. Ya cire wasu daga cikin sandunan da na yi masa da katakon shayi, ya sa na tantin a madadinsu, baƙaƙe a tsakanin farare. Ya durƙusa ya zuba ruwa a kaskon a hankali har ya kai wuyan tsakuwa, zuma suka fara sauka suna sha. Leɓɓansa ban gani ba, amma idonsa na gani, kuma irin na ranar da ya zo mini da sauri ne.

"Matsa, Sabo, ka tare musu hanya," in ji shi. "Dabbobin mutane na. Ba ni son mai su ta girma ta ji an ce na bar su da ƙishirwa."